Amsa ga mai 335i: wane man birki zan zuba, kuma ya ake canza shi?

Wani ƙanena a nan Bauchi ya turo min tambaya, ga ta a taƙaice: "Oga barka da aiki. Na sayi BMW 335i 'yar Kwatano wata bakwai da suka wuce. Ran Lahadi ina dawowa daga Jos na ɗan sake mata, muna gangarowa wajen Panshanu sai na ji birki ya yi laushi, na taka ƙafata ta tafi kusan ƙasa. Allah ya kiyaye na samu na tsaya. Bayan kamar rabin awa birkin ya dawo daidai kamar ba abin da ya faru. Bakanike ya duba ya ce ba yoyo, ya ƙara min mai kawai. Abokina ya ce in sayi DOT 5 ko irin na 'yan tsere. Wanne zan saya, kuma ya ake canzawa?"

Toh ƙanena, da farko dai Alhamdulillahi da Allah ya tsare, don duk wanda ya san kwanonin Panshanu ya san ba wajen da mutum zai so birki ya ba shi kunya ba ne. Na biyu kuma dan Allah kar ka sake hawa babban titi da motar nan sai an zubar da man da ke ciki gaba ɗaya an sa sabo. Ƙarin man da aka yi maka bai gyara komai ba wlh ko kaɗan, don sabon yana can sama a cikin kofin masta, wato famfon da feda ke turawa, shi kuma tsohon da ya jawo maka matsalar yana nan kwance a ƙasa cikin kalifa, wato ƙarfen da ke matse birki a wajen taya, inda zafin yake.

Abin da ya same ka man birkinka ne ya tafasa. Shi birki gaba ɗayansa a kan abu ɗaya ya tsaya, ruwa ba ya matsuwa. In ka cika sirinji da ruwa ka toshe bakin da yatsa ka danna ba inda zai je, amma in iska ce a ciki za ka ga ta matsu har kusan ƙarshe. To haka yake, ka taka feda, masta ya tura mai, man ya bi fayif ya je ya tura fistin ɗin kalifa, fistin ya matse fad, wato takalmin birki, a jikin dis, faifan ƙarfen da ke juyawa tare da taya, mota ta tsaya. Muddin mai ne zalla a hanyar, ƙarfin ƙafarka yana isa taya. Amma da zarar zafi ya kai man ya tafasa, tururi ya taru a cikin kalifa, to duk takun da kake yi tururin nan kake matsawa, shi ne ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa mota kuma tana ci gaba da tafiya abinta. Da ka tsaya rabin awa ya huce tururin ya koma ruwa, shi ya sa birkin ya dawo, kuma shi ya sa bakaniken bai ga komai ba. Da ya ce maka ba yoyo gaskiya ya faɗa, inda ya gaza shi ne bai tambaye ka yaushe rabon man nan da canji ba.

Kuma mutane ba su san irin zafin da birki ke sha ba. Motarka nauyinta ya kai wajen kilo 1,600. In kana kan 160 ka taka har ta tsaya, zafin da ya shiga dis da fad a wannan taku ɗayan ya isa ya tafasa ruwa kusan lita biyar. In kan 80 kake, kashi ɗaya cikin huɗu na wannan zafin ne kawai, wato in gudu ya ninka sau biyu zafi sau huɗu yake ninkawa. Yanzu ka haɗa da gangara, Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, Bauchi wajen mita 600, ga kwana, ga tirela a gabanka ka taka, ka wuce ta ka ba ta wuta, ka sake takawa a wata kwanar, birkin bai samu sararin hucewa ba. Mai Corolla da ke tafiya a 90 zai iya shekara biyar da ruɓaɓɓen mai bai taɓa sanin ya ruɓe ba. Kai da ke da turbo a ƙarƙashin bonet ranar farko da ka matsa mata za ta tona asirin man.

Ka riƙe wannan bambancin don zai yi maka amfani duk ranar da za ka yi wa bakanike bayani. In feda ta yi laushi ta tafi ƙasa lokacin da birki ya yi zafi, ta dawo bayan ya huce, mai ne ya tafasa. In feda tana nan da ƙarfinta kamar dutse amma kana takawa mota ba ta tsayawa, kuma kana jin ƙauri, to fad ne zafi ya fi ƙarfinsa, ko ka zuba man da ya fi kowanne tsada ba zai yi magani ba. In kullum da laushinta ko da sassafe, kamar kana taka soso, iska ce a ciki. In kuma kana tsaye a danja ka ɗora ƙafa ka ji tana nutsewa a hankali a hankali, robobin cikin masta ne suka gaji, ko kuma akwai yoyo wani waje. Naka na farkon ne.

Sai tambayar me ya sa ya tafasa. Ruwa ne ya shige shi. Man birkin da ake sa wa kusan duk motocin da ke kan titinmu, DOT 3 da DOT 4 da DOT 5.1, da sinadarin gilaikol ake yin su, kuma ɗabi'arsa ce yana zuƙar danshin iska kamar yadda gishiri ke jiƙewa da damina ko ba a zuba masa ruwa ba. Yana zuƙa ta 'yar ƙofar numfashin da ke murfin kofi, yana zuƙa ta jikin tiyon roba da ke zuwa tayoyi, kaɗan kaɗan shekara da shekaru. Wani zai ce ai Bauchi busasshen gari ne ga hunturu, eh haka ne amma ka tuna Yuli da Agusta, ka tuna ruwan da muke kutsawa in kwalbati ta cika, ka tuna yaran wajen wankin mota da ke buɗe bonet su saita tiyo a kan komai. Sannan ita motar taka kafin ta zo hannunka ta yi shekaru a wata ƙasa, ta hau jirgin ruwa, ta zauna a bakin teku a Kwatano. Na buɗe motocin Beljiyam da ba zan iya ƙirgawa ba, da wuya ka samu wadda aka canza mata man birki kafin a sayar. Baƙin mai kowa na canzawa ranar da ya sayi mota, man birki kuwa ba mai tunawa da shi. Ita BMW ɗin taka ma tana da tunatarwa a dashbod duk shekara biyu, amma goge wannan tunatarwar aikin minti ɗaya ne ba tare da an taɓa man ba, saboda haka kar ka dogara da ita tunda ba ka san wanda ya goge ta na ƙarshe ba.

Yanzu maganar lambobi. DOT ɗin nan sunan ma'aikatar sufuri ta Amurka ne, su suka sa ƙa'idar, kuma kowane aji yana da lamba biyu. Ta farko zafin da man zai tafasa yana sabo daga gwangwani, ta biyu zafin da zai tafasa bayan ya sha ruwa kusan kashi 3.7 cikin ɗari. DOT 3 mafi ƙarancin da aka yarda masa digiri 205 yana sabo, 140 in ya jiƙe. DOT 4 kuma 230 da 155. DOT 5.1 shi ne 260 da 180. Ka duba faɗuwar nan da kyau, DOT 4 daga 230 ya dawo 155 saboda ruwan da bai kai kashi huɗu ba, kuma in an bar shi ya ci gaba da sha ƙasa zai ci gaba da yi yana matsawa kusa da 100 inda ruwan shayi ke tafasa. Masu talla lambar farko suke rubutawa da manyan baƙi a jikin gwangwani, amma kai da za ka zuba mai ka yi shekara ɗaya ko biyu kana yawo da shi lamba ta biyu ce taka. Ta farkon ta mutumin da ke canza mai kafin kowane tsere ce.

DOT 5 da abokinka ya ce, a'a, sam. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, ya ga biyar ta fi huɗu, amma wannan shi ne a yi gudun gara a faɗa gidan zago. DOT 5 na silikon ne, launinsa shuni-shuni, kuma ba danginsu ɗaya da sauran ba duk da sunan ya yi kama da 5.1. Ba ya haɗuwa da su. Ba ya zuƙar ruwa, wanda in ka ji za ka ce ai abin nema ya samu, amma ruwan da ya shiga ba ya narkewa a cikinsa, sai ya gangara ya taru wuri ɗaya a ƙasan kalifa, ya ci ƙarfe da tsatsa kuma ya tafasa a digiri 100 cif. Ga shi yana riƙe kumfa, in famfon ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, ya fara bugawa da sauri sai ya kaɗa shi feda ta yi laushi. An fi sa shi a motocin soja da tsofaffin motocin ajiya da ba a cika hawa ba. Mota mai ABS da na'urar hana zamewa kamar taka ba ruwanta da shi. Ka karanta gwangwani da kyau a shago, akwai ɗigo ɗaya bayan biyar ɗin ko babu, don mai shagon ma wani lokaci bai san bambancin ba.

Na 'yan tsere kuwa gaskiya ne suna da kyau, ba zan ce maka ƙarya ba ne. Motul RBF 600 yana kai digiri 312 yana sabo, in ya jiƙe ya dawo 200 da 'yan kai. ATE Typ 200 yana da 280 da 198. Castrol SRF shi ne na musamman a cikinsu don ko ya jiƙe yana riƙe wajen 270, amma kuɗin lita ɗayansa zai saya maka man DOT 4 mai kyau na canji da yawa, kuma in aka gauraya shi da ragowar tsohon mai amfanin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu. Dukkansu a ajin DOT 4 suke, ba za su lalata maka roba ba. Sai dai irin su RBF an yi su ne don wanda zai riƙa canzawa akai-akai, ba a zuba a manta ba. Ni a ganina kai da ke hawa Bauchi zuwa Jos, Bauchi zuwa Gombe, wani lokaci Abuja ta Hawan Kibo, ba ka buƙatar SRF. In kana son abin da ya ɗara na kowa ka nemi ATE Typ 200 na gaske ko DOT 5.1 na kamfanin da aka sani, in ba ka samu ba DOT 4 mai kyau sabo fil ya wadatar. Ba girin-girin ba dai ta yi mai, DOT 4 da aka zuba watan jiya ya fi man tseren da ya shekara huɗu a mota nesa ba kusa ba. DOT 3 kuma kar ka sa, motar da aka rubuta wa DOT 4 ba a komar da ita baya. Wanda aka rubuta wa DOT 3 shi zai iya hawa zuwa 4.

Akwai wani abu da za ka iya gani a littafin motar ko a jikin gwangwani, DOT 4 LV, wani kamfanin ya rubuta Class 6. Wannan mai ne da aka yi shi tsinke-tsinke ba kauri, don ya wuce ta ƙananan ƙofofin ABS da sauri ko a cikin ƙanƙara, a sanyin digiri 40 ƙasa da sifili ake gwada kaurinsa. Irinsa BMW da yawancin motocin Jamus na yanzu suke so. In ka same shi na gaske shi ne zaɓin farko don shi kamfani ya ce. Amma mu da muke ganin digiri 40 na zafi a watan Maris da Afrilu kaurin sanyi ba shi ne damuwarmu ba, don haka ban ɗauki wannan abin tayar da hankali ba in ka sa ɗaya daga waɗanda na ambata. Ka dai fara duba murfin kofin, a nan aka rubuta abin da motar ke sha.

Wajen saye ne nake so ka buɗe ido fiye da ko'ina. Jabu ya yi yawa, kuma man birki na cikin abin da ya fi sauƙin yi wa jabu don ba wanda zai gane da ido. In za ka shiga Bakin Kura ka je da kanka ko ka tura wanda ka yarda da shi, ka je shagon da aka san shi ba a kan tebur ba, ko ka saya a babban gidan mai na kamfanin da ke yin nasa man. Ka buɗe murfi ka ga takardar da aka liƙe bakin da ita ba a taɓa ba, ka duba kwanan wata, ka duba ko an rubuta lambobin tafasa a jiki. In ka ga araha ta yi yawa ka ajiye. Ka sayi lita ɗaya, ta isa canji, in so samu ne ka ƙara rabin lita don kar a yi ƙoro wajen wanke hanya. Kuma kar ka yarda a zuba maka daga gwangwanin da aka buɗe tun bara yana kan kanta, balle wanda yaron gareji zai ɗauko a gorar ruwa ba suna ba komai. Gwangwanin da aka buɗe shi ma yana shan iska kamar na cikin mota.

Bari in ba ka labarin abin da ya sa na tsani gorar nan marar suna. Kwanaki an jawo min wata Benz C350 daga hanyar Alkaleri, tayoyin gaba sun kama ƙam, ana tura ta ba ta motsi, dis ya yi shuɗi don zafi. Ina buɗe murfin kofi sai na ga robar da ke ƙarƙashinsa ta kumbura kamar fanke, ta yi laushi har ba ta komawa mazauninta. Na ɗebo man da sirinji na ɗiga a kofin gilas mai ruwa, sai ga shi ya taso sama yana yawo jaja-jaja. Man birki na gaske irin DOT 3 ko DOT 4 in ka ɗiga shi a ruwa narkewa yake ya bi ruwan, wanda ya taso sama man giya ne ko na sitiyari. Ashe a hanya wutar gargaɗin birki ta kunnu a dashbod, mai motar ya tsaya wani waje aka ƙara masa man giya. Robobin birki ba sa jure man da aka yi da fetur ko cokali ɗaya ne, sai da muka canza masta da tiyo huɗu da robobin kalifa duka, ABS ɗin ma bai tsira ba. Mutumin nan yana tsaye ina lissafa masa kaya idonsa ya kawo ruwa, don kuɗin ya kusa kai na wata ƙaramar mota. Haka masu zuba ruwan omo in mai ya tsiyaye a daji, na san wani lokaci lalura ce, amma in an iso gari wajibi ne a wanke hanyar tas a ranar.

Toh sai canjin kansa. Abin da ake yi a wurare da yawa a ce an canza shi ne a zuƙe na cikin kofi a cika da sabo, wannan kwalliya ce kawai. Canji na gaske sai sabon mai ya kori tsoho ya fito ta kowace taya. A ajiye mota a wuri mai daidai, a ɗaga ta a sa mata abin tokare mai ƙarfi ba jak kaɗai ba, a cire tayoyi. A goge kewayen murfin kofi kafin a buɗe don ƙurarmu ba ta da kyau a ciki. A zuƙe tsohon man kofin da sirinji mai tsabta wanda bai taɓa wani mai ba, amma a bar ɗan kaɗan a ƙasa kar ramukan su buɗe, a cika da sabo. A shimfiɗa tsumma a kan fenda, man birki yana cin fenti, in ya ɗiga a wanke da ruwa nan take kar a goge a bushe.

Sannan a fara daga tayar da ta fi nisa da masta. A irin motarka baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, sai gaba ta hagu. Ba kowace mota ke bin wannan ba, Honda da yawa daga gaba ta hagu ake farawa, shi ya sa littafin mota ke da amfani. A cire 'yar hular robar nipul, wato ɗan noti mai rami a jikin kalifa da mai ke fita ta cikinsa, a sa ring sifana daidai bakinsa, kar a yarda da filaya ko sifana mai buɗaɗɗen baki don nipul ɗin da ya shekara goma ba a taɓa shi ba yana cinyewa ko ya karye a ciki, in ya ƙi a fesa masa mai sassauta tsatsa a ba shi lokaci. A sa siririn tiyo mai haske wanda ake ganin cikinsa, irin na ƙarin ruwa, ɗaya bakin a cikin gora mai ɗan mai a ƙasa. Mutum ɗaya a mota, ɗaya a taya. Na taya ya ce taka, a taka a hankali sau uku, ya ce riƙe, a danne, ya buɗe nipul kwata kawai mai ya fita feda ta sauka, ya rufe, sannan ya ce saki. In aka saki kafin a rufe an ja iska. Za ka ga na farko yana fitowa baƙi kamar shayin da aka manta a wuta, wani lokaci da ɗan gari-gari a ciki, a hankali ya koma ruwan zuma, har ya dawo garau kamar tataccen man gyaɗa. Sai ya yi garau kuma ba ƙwayar kumfa ko ɗaya a tiyon sannan a wuce taya ta gaba. Tayar farko ita ta fi cin mai don hanyarta ta fi tsawo.

Abu biyu ne ke ɓata wannan aikin kuma kullum su ne. Na ɗaya a shagala da hira kofi ya ƙafe. Da zarar masta ya ja iska ta shiga cikin ABS, to taka da riƙe ba za su fitar da ita ba, sai an jona kwamfuta ta kunna famfon ta buɗe bawul-bawul ɗin ana bilidin, wato fitar da iska. Saboda haka duk bayan taku biyar ko shida a leƙa kofi a ƙara. Na biyu a riƙa nitsa feda har ƙasa. A tsohon masta akwai wajen da fistin bai taɓa kaiwa ba a tuƙin yau da kullum, can ne datti da tsatsa suke taruwa, in ka tura roba ta bi ta kansu sai ta yage, mota ta zo da lafiyayyen masta ta fita da matacce. Ni guntun katako nake sawa a ƙarƙashin feda. Wanda ya fi duka shi ne injin matsa mai da ake ɗaurawa a bakin kofi, a ba shi matsi kamar 1 zuwa 2 a ma'aunin bar kar a wuce abin da littafi ya ce, ba mai taɓa feda kwata-kwata, mutum ɗaya ya gama aikin cikin natsuwa. In garejin da kake zuwa suna da shi da kwamfutar da ke karanta BMW, can za ka kai ta, ka ce a kunna ABS ɗin ma don tsohon man da ya maƙale a cikinsa ya fito. Kuma ka tsaya a yi a gabanka.

In taka mai giyar hannu ce kulocinta daga kofi ɗaya yake sha da birki, a yi masa bilidin shi ma. Masu manyan kalifa irin Brembo, su Benz AMG da makamantansu, nipul biyu ne a kowace kalifa, ciki da waje, na sha ganin an yi ɗaya an bar ɗaya mai mota ya dawo yana cewa birki bai yi ba. Sannan ka isar min da wannan ga duk abokinka mai Benz E-Class W211 ta kafin gyaran fuskar 2006, waɗannan birkin lantarki ne da su da ake kira SBC, famfonsa na iya tashi da kansa ko buɗe ƙofa aka yi, ya matse fistin da ƙarfin da zai murƙushe yatsa. Ba a taɓa birkinsu sai an kashe tsarin, kuma canjin mansu da kwamfuta ake yi.

Tunda tayoyi na ƙasa a duba fad. Fad ɗin da ya cinye ya zama siriri yana miƙa zafi kai tsaye ga fistin, fistin ya miƙa wa mai, saboda haka in ya kai kamar milimita 3 ka canza kar ka jira ƙara. Kuma shi ma saukar mai a kofi yawanci alamar cinyewar fad ce, in aka riƙa ciko ana ɓoye maka saƙo ne. A duba fil-fil ɗin da kalifa ke zamewa a kai, in ɗaya ya kama fad zai riƙa gugar dis ko ba ka taka ba, tayar nan ta riƙa dafa mai tun daga Tilden Fulani kafin ma ka iso gangara. A duba tiyon roba ko ya tsattsage ko yana kumbura in an taka.

Tuƙin ma yana da nasa kason. A gangara mai tsawo ka sauko da giya, ko otomatik ce ka mayar da ita hannu ka sa 3 ko 4 inji ya riƙe maka, ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci ka saki, maimakon ɗora ƙafa tun daga sama har ƙasa. In Allah ya kiyaye ta sake faruwa, ka yi ta famfon feda da sauri, ka sauko da giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali ba fizga ba. In ka tsaya kar ka watsa wa dis ruwa, yana lanƙwasa shi ko ya tsaga. Kuma ina roƙonka ƙanena, wannan juyin da samari ke yi da mota a cikin gari ranar ɗaurin aure kar in ganka a ciki, akwai 'yan acaɓa da yara a bakin titin nan da ba su san komai ba.

Game da lokaci, BMW da Benz shekara biyu suke cewa, Honda shekara uku, ko motar ta yi tafiya ko tana ajiye don danshi ba ruwansa da maleji. Ga mai tuƙi irin naka ni duk shekara nake cewa, bayan damina ta ɗauke wajen Oktoba ko Nuwamba, kuma duk ranar da mai ya taɓa tafasa a canza shi ko wata uku ya yi. Kar ka yi hukunci da launi kaɗai, na ga mai garau da ruwa ya cika shi. Akwai ɗan abin gwaji kamar biro da ake tsomawa a kofi ya nuna kason ruwa, ba shi da tsada, in ya nuna kashi 3 lokaci ya yi, ko da yake na'urar da ke dafa man ta faɗi zafin tafasarsa ta fi shi gaskiya.

In an gama a cika kofi daidai layin MAX kar a wuce, a ɗaure nipul ba da ƙarfin tsiya ba, a mayar da hulunan roba, a wanke inda mai ya taɓa. Tsohon man a rufe shi a gora a kawar daga inda yara ko dabbobi za su kai, guba ne, kuma masu shafa shi a ƙyasbi ko makero su daina yana ƙona fata. Kafin ka motsa ka taka feda sau da yawa har ta yi ƙarfi, ka tada inji ka danne ta na rabin minti ka ji ko tana nutsewa. Ka fita hanyar da ba kowa ka gwada a 30 zuwa 40, in ka samu turba mai jar ƙasa ka taka sosai sau biyu har ka ji ABS na bugun ƙafarka, ka dawo a sake leƙa kowane nipul ko yana tsattsafo. Ka rubuta kwanan wata da sunan man a ɗan salatif ka manna kusa da kofin. In bayan duk wannan ka ji fedar na nutsewa a hankali kana tsaye, kar ka tafi Jos da ita, ka kawo min ita mu duba masta.